Tun rasuwar Umma nake zana mace marar fuska, Gwaggo ta ce in ƙone

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 26, a Tudun Wadar Kaduna muke. Ummata ta rasu bara da azumi. Ban yi kuka ba ranar, ban yi ba ranar uku, har 'yan zaman makoki suka fara cewa na cika taurin zuciya. Barci kuwa ya ƙaurace mini.

Wani dare na jawo kwalin taliya da ragowar fentin makarantar ƙanina, na hau shafe-shafe. Sai ga mace a durƙushe, wuya dogo, ba ido ba baki, jikinta duk shuɗi irin na zanin da Umma ke ɗaurawa in za ta ɗora tuwo. Ina ajiye burushi kukan wata biyar ya ɓarke mini. Yanzu zanukan sun kai goma sha huɗu. A na bayan nan matar ta miƙe tsaye, kuma da na duba sai na ga kafaɗun nawa ne, ba na Umma ba.

Gwaggo ta gano su a ƙarƙashin gado. Ta ce aikin iska ne, a kai ni ruƙiyya, kuma mai zana abu mai rai za a ce ya busa masa rai ranar lahira. Ita ke riƙe da mu yanzu, ba na son saɓa mata. Ya zan yi?

Wata 'yar'uwa daga Kawo: Allah ya jiƙan Umma, ya sa Aljanna ce makomarta. Ƙanwata, kar ki ƙone komai cikin gaggawa. Gwaggo tsoro ta ji, kuma ita ma rashi ta yi. Ki zaunar da ita ki gaya mata ko wace ce a jikin kwalin.

Wani malamin Islamiyya: Hadisin da Gwaggo ta kawo ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, kar kowa ya raina shi. Sai dai malamai da yawa sun ce in aka cire kai hukuncin sura, wato hoton abu mai rai, ya faɗi. Wadda ke da kai amma ba fuska kuwa akwai saɓani. Ki ɗauki guda ɗaya ki kai wa malamin da kika amince da shi ya gani da idonsa.

Wani ɗan'uwa daga Rigasa: Ni dai ki bi maganar babba. Ga Alƙur'ani, ga azkar, me ya kai ki fenti?

Wata da ta karanci zane a Zariya: Malam na Rigasa, azkar bai hana hannu aiki ba. 'Yar'uwa, abin da kika faɗa ciki da kanki fanni ne babba: a ɗauki siffar mutum a ja ta, a lanƙwasa, a rage, har abin da ke zuci ya fito. A 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya a Zariya don su daina kwaikwayon Turawa ido rufe, su zana kansu. Shi Grillo ma da shuɗi aka san shi, da mata masu dogon wuya, shi ya sa gabana ya faɗi da na karanta saƙonki. Amma ki bar kwali, damina za ta cinye shi. Ki sayi akoko, ki ɗame shi a katako, ki shafe da farin fentin ɗaki da aka dama da gam.

Wata ma'aikaciyar jinya: Zanen na rage nauyin ƙirji, na yarda. Amma in har yanzu barci bai dawo ba, ki je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Ba sai mai yawo a bola ake kaiwa can ba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya bar zumunci. Jiya na baje su a gaban Gwaggo. Ta daɗe tana kallon na farkon, sannan ta ce ita ta saya wa Umma zanin nan a Kasuwar Barci. Ba ta sake zancen ƙonawa ba, ta dai ce kar a rataye a inda muke sallah, kuma Asabar za ta raka ni wurin malam. Yaya ta Zariya, gam ɗin wane iri ne, kuma cokali nawa ake zubawa?