Kiɗan Bach a hafsikod da a piyano: inda hannu ke tuntuɓe

Mai Yatsa Goma: Salamu alaikum. Masu kaɗa kiɗan Bach da Scarlatti, mawallafan kiɗan Turai na da, a kayan biyu, me ke fara ɓata wa mutum aiki idan ya sauka daga piyano ya hau hafsikod, wato kayan kiɗan nan mai maɓallai kamar piyano?

Malam Mai Saiti: Wa alaikumus salam. Nauyin hannu ne. Piyano guduma ce ke dukan tsirkiya, ka danna da ƙarfi ta yi kara. Hafsikod kuwa tsinkar tsirkiyar yake yi da wani ɗan farce, a da na gashin tsuntsu, yanzu galibi na roba. Duk ƙarfin da ka ƙara, sautin bai ƙaru ba, sai dai ka ji ƙwas na katako a ƙasan maɓalli. A sa yatsa ya kwanta kan maɓalli tukuna, a danna sannu har a ji ɗan turjiyar farcen kafin ya saki tsirkiya. Wanda ya koyi jin wurin nan ya yi rabin aiki.

Hajiya Malamar Kiɗa: Malam, na ƙara da wannan. Tunda ba ƙarfi ba rauni, da lokaci ake magana. Sautin da kake so ya fito, ka gajarta wanda ke gabansa, ɗan shirun nan shi ke ɗaga shi. In laushi kake so, kar ka ɗaga yatsa sai na gaba ya riga ya shiga, su ɗan haɗu. Sautuka huɗu ko biyar kuma ba a zuba su gaba ɗaya, tsauri suke yi. A warware su daga ƙasa zuwa sama.

Malam Mai Saiti: Haka ne, Hajiya. Kuma faɗin maɓallansa bai kai na piyano ba, shi ya sa tsallen hannu a kiɗan Scarlatti ke zarce wurinsa a makon farko.

Ɗan Bene Biyu: Ta ɓangaren piyano ma akwai ciwon kai. Kiɗan Goldberg na 1741, mai kashi-kashi, Bach ya rubuta shi ne don hafsikod mai jerin maɓalli biyu, sama da ƙasa. A kashi na 8, 11, 20 da 23 hannuwa na ratsa juna, kowanne a benensa, ba mai taɓa wani. A piyano jeri ɗaya ne, yatsu biyu na neman maɓalli guda. Mafita biyu ce: ko a rubuta da fensir wane hannu ke sama a kowane layi, na saman ya ɗaga wuyan hannu ya shiga can cikin baƙaƙen maɓallai, na ƙasan ya kwanta a baki, ko a sake raba sautukan tsakanin hannuwan. Ta biyun ta fi sauƙi, amma ni ban cika sonta ba, don muryoyin kiɗan kan narke cikin juna.

Hajiya Malamar Kiɗa: Sai matakin ƙafa na dama na piyano, wanda ke barin sauti ya ci gaba da kara. Kauri ne da tsirkiyoyin ƙasa na piyano, suna daɗewa suna kuka, in aka riƙe matakin a fuga, wato kiɗan da muryoyi ke shigowa suna kwaikwayon juna, mai murya huɗu, komai ya zama kunu. A taɓa shi a saki, ko a bar shi sam, a kuma sassauta hannun hagu.

Malam Mai Saiti: Kar a manta kunne. Galibin hafsikod ana ɗaure sautinsa na A a girgiza 415 a daƙiƙa, piyano a 440, kusan tazarar maɓalli da na kusa da shi ke nan tsakani. Jikin hafsikod katako ne, ba ƙarfe kamar piyano ba, zafi ko laima kaɗan sai saiti ya zame. Kafin kowane wasa a duba shi, kuma a ajiye makullin saiti a kusa.