Gyaran hotunan rawar bale: me ya sa aka ƙi waɗanda suka fi fitowa?

Baban Sadiya, daga wajen Ringim

Assalamu alaikum, malamaina a wannan sana'a. Ina da ɗan shagon hoto a ƙauyenmu, kuma aikina bai wuce fasfo da bikin aure da saukar karatu da hawan sallah ba. Ƙanena da ke zaune a Legas shi ma yana taɓa sana'ar, sai wata makaranta da ke koya wa yara rawar bale ta ba shi aikin ɗaukar wasan ƙarshen zango, shi kuma ya turo mini hotunan in gyara, domin ya san hannuna ya fi nasa faɗawa a Lightroom, manhajar gyaran hoto a kwamfuta. Na zaɓi waɗanda suka fito tangaran, na ƙara musu haske, na gyara fata kamar yadda nake yi wa amare, sannan na datse gefuna domin fuskoki su matso kusa. Malamar makarantar ta dawo da mafi yawansu, ta kuma ɗauki wasu da na ajiye gefe saboda duhu da yashi-yashin da ke cikinsu.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne na wata yarinya da ta yi tsalle cikin farar riga, fuskarta ta fito sarai tana murmushi, amma malamar ta ce ko iyayenta kada a nuna wa, wai ƙafar baya ta lanƙwashe a gwiwa. Wanda ta fi yabawa kuwa yaro ne tsaye a kan ƙafa ɗaya ya miƙe ɗayar baya, rabin fuskarsa cikin inuwa. Ina so in san ma'aunin da ake bi wajen zaɓe, da kuma yadda zan yi da fararen rigunan da haske ya ƙone da shuɗin fitilar da ya hau fatar yaran. Ban ɗora hotunan a nan ba saboda na yara ne kuma ba ni da izinin iyayensu.

Malam Na-Kazaure

Wa'alaikumus salam, Baban Sadiya. Malamar nan tana da gaskiya, kuma dalilinta yana cikin asalin rawar. Bale ta faro ne a fadojin Italiya, ta bunƙasa a Faransa, inda Sarki Luwi na 14 ya kafa makarantar rawa a Faris a 1661, kuma a wannan zamanin ne aka tsara tsayuwar ƙafa guda biyar da har yau kowane ɗalibi yake farawa da su. Rawa ce mai ƙa'ida, wadda kowane motsi a cikinta yake da suna da siffar da aka san shi da ita. Saboda haka mai rawar ba fuska yake fara dubawa a hoto ba. Yana duba ko gwiwa ta miƙe, ko ƙafa ta juya waje tun daga ƙugu, ko yatsun ƙafa sun tsine, ko kafaɗa ta sauka, da kuma ko ido zai iya bin jiki tun daga ƙarshen yatsan hannu har ƙarshen yatsan ƙafa ba tare da ya ci karo da karaya ba.

Tsayuwar yaron da ka kwatanta ita ce suke kira arabesk, kuma idan ƙafar bayan ta miƙe sosai, to hoton ya cika ko da fuska tana cikin inuwa. Yarinyar kuwa mai yiwuwa ta yi tsallenta daidai, ƙaninka ne ya danna kafin ta kai ƙololuwa ko bayan ta fara sauka. Wanda duk ya ga hoton daga cikin masu rawar zai ɗauka ita ce ba ta iya ba, shi ya sa malamar ta hana a fitar da shi. Kai da kake ɗaukar hawan sallah ka san cewa a sukuwa guda akwai lokacin da doki yake fitowa da kwarjini, akwai kuma lokacin da ƙafafunsa suke fitowa a harɗe kamar zai faɗi, kuma babu mahayin da zai biya ka kuɗin na biyun.

Datse gefen da ka yi shi ne babbar ɓarna. A hoton amarya ana iya yankewa a ƙirji, amma a nan idan ka yanke ƙafa ko tafin hannu ka cire abin da aka zo gani. Ka bar jiki gaba ɗaya, ka bar fili a gefen da mai rawar ya nufa, kuma idan tsalle ne ka bar daɓen dandali ya fito a ƙasa, domin da shi ne ido yake gane nisan da aka tashi.

Maman Hanif, Dambatta

Malam ya gama magana a kan zaɓe, ni zan taɓa batun haske da launi. Baban Sadiya, farar rigar ta ƙone ne saboda kyamara ta ga bayan dandali baƙi ƙirin, sai ta ɗauka wurin duhu ne ta ƙara haske, alhali fitila tana kan yaran. Idan an ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara da ke riƙe da dukkan bayanan haske, ka fara da rage hasken wurare masu fari kaɗai har sai ninkin yadin ya dawo, kafin ka taɓa komai. Idan kuwa JPEG ne, wato matsattsen hoton da aka saba turawa, matakan haskensa 256 ne kawai a kowane launi, kuma wurin da ya kai ƙarshen fari babu abin da ya rage a cikinsa, iyakarka ka mayar da shi toka-toka, wanda ya fi farin muni.

Shuɗin fitila kuma da gangan mai tsara haske ya sa shi, domin ya nuna dare ko baƙin ciki a cikin labarin da ake rawa a kansa, saboda haka idan ka wanke shi tas ka canja wasan. Abin da nake yi shi ne in bar launin a bango da kan riga, in rage ƙarfinsa kaɗan a fuska da hannuwa da burushin manhajar, har fata ta yi kama da fata. Idan abin ya gagara, mayar da hoton baƙi da fari ya fi alheri.

Ina kuma roƙonka ka janye hannunka daga haskaka fata. Mun saba da shi a hoton biki saboda masu biya suna nema, amma a nan yana da illa ta musamman. Masu rawar suna so launin takalmi da safa ya dace da fatarsu domin ƙafa ta bayyana doguwa ba yankewa, har baƙaƙen fata sun daɗe suna shafa wa takalmansu hodar kwalliya da hannu, kafin kamfanin Freed na Landan ya fitar da masu launin ƙasa-ƙasa a 2018 tare da ƙungiyar Ballet Black. Idan ka haskaka ƙafa ka bar takalmi yadda yake, ka raba abin da suka sha wahalar haɗawa. Goge fata sumul kuma yana share jijiyoyi da tsokar da ke nuna ƙarfin da ake sawa a tsayuwar.

Ɗan Autan Gumel

Ranku ya daɗe, na amfana da bayanan nan, sai dai ina ganin rabin gyaran yana hannun mai ɗauka, don haka ga saƙo zuwa ga na Legas. Ba a kunna filasha a irin wannan wasa, domin tana iya ɗauke idon mai juyi ya faɗi. Ya buɗe ƙofar haske zuwa f/2.8 idan gilashinsa ya kai, ya sa saurin ƙiftawa a 1/500 na daƙiƙa ko mafi sauri saboda tsalle, sannan ya ƙyale ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya hau 3200 ko 6400 ba tare da fargaba ba. Yashi-yashi ana rage shi a kwamfuta, kuma da wuya ya dami ido a hoton da aka wanke a ƙaramin kati, amma ƙafar da ta yi dishi-dishi ta tafi ke nan. Kada kuma ya dogara da danna maɓalli ya riƙe, domin kyamarar da ke ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa a saurin 1/500 kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙar kawai take gani, ƙololuwar tsalle tana iya faɗawa a tsakani. Gara ya saurari kiɗan, tun da a kansa ake tashi, ya danna sau ɗaya a kan gaɓa.

Inda na ɗan saɓa da Malam shi ne, ba kowane hoto ne dole ya zama na cikakkiyar siffa ba. Iyaye suna son fuskar ɗansu, kuma ana iya samun wannan a lokacin gaisuwar ƙarshe ko sa'ad da ake ɗaura igiyar takalmi a bayan labule, inda babu wanda zai duba gwiwa. Yaya, ta wace hanya aka turo maka hotunan?

Baban Sadiya

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ta WhatsApp ya turo su a matsayin hoto, kuma yanzu ya tabbatar mini cewa RAW ɗin suna nan a katinsa. Tambaya ɗaya ta rage mini, Malam. Tun da fuskar yarinyar nan ta yi kyau haka, shin ba zan iya miƙe gwiwar a Photoshop ba?

Malam Na-Kazaure

Za ka iya, amma ban ba ka shawara ba. Gwiwa ba ita kaɗai take lanƙwashewa ba, ƙugu da cinya da kafaɗa duk suna bin ta, kuma malamar da ta shekara tana kallon waɗannan yara za ta gane ƙafar da ba ta dace da sauran jiki ba tun kafin ka buɗe baki. Abin da ya halatta ka goge shi ne tef ɗin da ake mannawa a daɓe domin nuna wurin tsayuwa, da wayar lantarki, da kan ɗan kallo da ya leƙo daga ƙasa. Ka ce wa ƙaninka ya turo RAW ɗin a matsayin fayil, tun da WhatsApp yana matse duk abin da aka tura a matsayin hoto, ya kuma haɗa da waɗanda ke gaba da bayan na yarinyar, domin wataƙila mai miƙaƙƙiyar gwiwar yana cikinsu. Wannan karon ka tura wa malamar ƙananan kwafi ta zaɓa tukuna, sannan ka zauna gyara, kada ka ƙarar da cajin solarka a kan waɗanda za a dawo maka da su.