Firintata tana ƙas-ƙas, zaren roba ya ƙi shiga

Na_Kurna:

Assalamu alaikum. Don Allah masu firintar 3D (na'urar da ke narka zaren roba ta gina abubuwa da shi) a gida ku taimaka min, yau kwana tara ke nan ina fama. Tawa ƙarama ce, irin wadda injin tura zare yake zaune a gefe, sai farin bututu ya ɗauki zaren ya kai shi kan da yake narkarwa. Zaren robar da ake kira PLA nake sawa, mai kaurin milimita 1.75, bakin da narkakkiyar robar ke fitowa kuma faɗin raminsa milimita 0.4. Abin da nake bugawa ba wani babba ba ne: mazaunin waya, mariƙin makulli, da abin murɗa murhun gas da mata suke kawo min samfuri idan nasu ya fashe.

Aiki yana farawa lafiya lau. Sai an yi kamar minti 40, sai in ji injin turawar yana ƙas, ƙas, ƙas, giyar tana komawa baya. Daga nan kan ya ci gaba da yawo a iska, babu abin da ke fitowa. Idan na zaro zaren sai in ga giyar ta cinye gefensa, garin roba duk ya cika haƙoranta. Na canza baki sau biyu, na ƙara zafi daga digiri 200 zuwa 215, abin bai sauya ba. Ina da alkawarin mariƙin makulli 60 na wani biki ranar Asabar, na buga 22 kawai. Wallahi abin ya hana ni barci.

Injiniya_Samaru:

Wa alaikumus salam. Malam, ka bar canza baki haka nan, kuɗinka kake ƙonawa. Ƙarar nan ba ciwon ba ce, kukan injin turawar ne don ya tura ya ji an tokare shi a gaba. Abin da ya ja hankalina shi ne minti 40 ɗin nan. Bakin da ya toshe da datti tun farko yake nuna kansa, ba ya jira.

Ga abin da nake zato. A saman wurin narkarwa akwai ƙarfe mai tsaga-tsaga da ƙaramar fanka a gabansa, aikinsu su hana zafi hawa sama. PLA yana fara laushi tun wajen digiri 60, ba sai ya kai 200 ba. To idan fankar ta yi rauni, zafi zai riƙa hawa a hankali, zaren ya yi laushi tun bai isa baki ba, ya kumbura, ya maƙale. Ga mu a Afrilu, ɗaki mai rufin kwano a Kano da rana ai ka san yadda yake, iskar da fankar ke hurawa ita kanta mai zafi ce. Ƙara zafin da ka yi zuwa 215 ma ƙara wa matsalar ƙarfi ya yi.

Yi wannan gwajin: da zarar ta fara ƙarar, tsayar da aikin, danne hannun injin, ka zaro zaren da sauri. Idan ka ga ƙarshensa ya yi kauri kamar kan ashana, ka gaya mana.

Maman_Iman:

Sannu ɗan'uwa, Allah ya kawo mafita. Kafin ka kwance komai duba hannun da yake matse zare da giya. Idan na roba ne yakan tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani sai an cire shi. Tawa haka ta yi min, na sa na ƙarfe aka wuce wurin. Ka kuma juya naɗin zaren da hannu ka ga ko wani layi ya shige ƙarƙashin wani.

Na_Kurna:

Na gode Hajiya, na cire hannun na duba, lafiyarsa ƙalau, naɗin ma bai sarƙe ba. Injiniya, maganarka ta fito. Ƙarshen zaren ya kumbura, tsawon abin ya kai rabin ƙumba. Fankar tana juyawa, amma da na haska ta da fitilar waya sai na ga ƙurar hunturu ta daskare a fukafukanta da cikin tsagar ƙarfen. Tun da na sayi na'urar ban taɓa buɗe wurin ba.

Injiniya_Samaru:

Madalla. Kashe wuta ka share da tsohon buroshin haƙori. Amma tunda ka canza baki har sau biyu, akwai abu na biyu da nake tsoro. A irin taka farin bututun yana sauka ne har ya dafa bayan baki. Idan aka ɗaura sabon baki ba a tura bututun ya zauna daram ba, sai a bar 'yar tazara, narkakkiyar roba ta taru a ciki ta zama toshiya.

Zafafa kan, zaro bututun ka ga bakinsa. In ya yi baƙi ko ya tsuke, yanke wurin da reza, yanka miƙaƙƙe ba a karkace ba. Sassauta bakin kamar juyi ɗaya, tura bututun har ƙasa, sannan ka ɗaure bakin yana da zafi, ka riƙe tubalin ƙarfen da bakin ke ɗaure a jikinsa da sufana kada ya juya ya tsinke wayoyi. Hattara da yatsunka. A Cura kuma, wato manhajar da ke shirya aikin bugawa, ja-bayan zare (ɗan janye zaren da injin ke yi idan kan zai sauya wuri) kada ya wuce milimita 5, ka mayar da zafi 200.

Na_Kurna:

Allah ya saka da alheri, Injiniya. Bututun ya ƙone, wajen santimita ɗaya na yanke, kuma da na leƙa ciki akwai zoben roba baƙi a manne, da sandar tsintsiya na turo shi. Ja-bayan nawa 6.5 yake, na rage. Na fito da firintar falo inda iska ke shiga, na fara bayan isha'i. Ta yi awa huɗu da rabi babu ƙara ko ɗaya, mariƙai 14 sun fito sumul. Saura 24, yau da gobe da daddare in sha Allah. Tambaya ɗaya ta rage: fankar tana ɗan gurnani idan aka kunna, in saya sabuwa ne? A jikinta an rubuta 24V.

Injiniya_Samaru:

Saya tun ba ta tsaya maka tsakiyar aiki ba. Ka cire tsohuwar ka tafi da ita kasuwa a gwada girman, kuma ka tabbata 24V ce, don masu kayan kwamfuta yawanci ta 12V suke da ita.