Zan iya yi wa kyanwata ƙunshi a jela? Biki saura kwana biyar

Maman 'Yan Biyu: Salamu alaikum, don Allah a taimaka mini. Ina da kyanwa fara tas, a bayan shagon maigidana na tsince ta idonta bai gama buɗewa ba, da sirinji na dinga ba ta madara. Da farko maigidan bai so ba, yanzu ko kifi ya sayo sai ya cire nata. Asabar ɗin nan bikin ƙanwata, ankon ja da baƙi ne, ni kuma mai ƙunshi ce. Na ga hotunan kyanwoyi an zana musu fure a jiki, ina so in yi mata ko zobe uku ne a jela saboda hoto. Ina da dayis da haidurojin da jan lalle. Wanne ya fi kama gashi, kuma minti nawa zan bari?

Dakta: Hajiya, ki ajiye dayis ɗin nan. Sinadarin da ke sa shi baƙi, PPD, idan aka haɗiye shi yana kumbura fuska da harshe da maƙogwaro har numfashi ya gagara. Haidurojin kuma yana ƙona fata da baki. Kyanwa da harshe take wanka, harshen nan kamar mataji yake, duk abin da ya zauna a gashi cikinta zai je. Hantarta ba ta sarrafa wasu sinadarai kamar tamu, shi ya sa ƙwayar farasitamol ɗaya ke iya kashe ta. Hotunan nan kuwa, da yawansu daga wani littafin barkwanci ne na 2002, da kwamfuta aka haɗa su.

Hajiya Babba: To jan lallen fa? Ganye ne, ana sa wa raguna da dawaki tun kaka da kakanni. Ki kwaɓa da ruwa zalla, ki ɗaure da leda awa ɗaya.

Dakta: Rago ba ya yini yana lasar jikinsa, Hajiya. Sinadarin da ke sa lalle ja yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini, na kyanwa kuma sun fi saurin lalacewa. Leda ko roba a jela tana tare jini, jelar ta mutu.

Abban Yara: Abin da ke damuna masu rina 'yan tsaki kore da ruwan hoda su sayar wa yara a bakin kasuwa, babu mai ce musu uffan.

Mai Kek: In dole ne, kalar abinci ta ruwa. Ɗigo 3 a cokali ɗaya na ruwa. Fara gwadawa a wuri kamar faɗin farce, ki jira awa 24 ki ga ko fatar ta yi ja ko tana susa. Da auduga za ki shafa a saman gashi kawai, ban da fuska, ciki da tafin ƙafa. Yanka kwali ki yi mata mazurari a wuya har ya bushe. Baƙi ba zai fito ba, toka-toka zai yi, kuma in ta jiƙe zai ɓata anko.

Maman 'Yan Biyu: Ni fa ba mugunta nake nufi ba, babu mai son ta kamar ni. Kuma jiya da dare na ɗan taɓa dayis a ƙarshen jelar, ga ta nan tana wasanta lafiya lau.

Dakta: Wannan ya kamata ki fara faɗa! Da haidurojin ko babu? Watanta nawa? Yanzu ki sa mataji tsakanin fata da almakashi, ki yanke gashin da ya rinu. Wanke wurin da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke kaɗan, ɗauraye sau 3, goge da tawul. Kada ki sa Dettol ko kananzir, guba ne gare ta. Kada ki ɗura mata manja ko ruwan gishiri don ta yi amai. Ɗaga leɓenta ki duba dasashi: in ya yi fari ko ruwan ƙasa, ko tana dalalar da miyau, ko fitsarinta ya yi duhu, asibitin dabbobi a yau, da kwalin dayis ɗin a hannunki. Ki sa mata ido kwana 3.

Hajiya Babba: Kun cika tsorata mutane. Ki ɗaura mata jan ƙyalle a wuya a huta.

Dakta: Na ɗaukar hoto kawai, a cire nan take, yana iya maƙalewa ya shaƙe ta.

Maman 'Yan Biyu: In na yanke, jelar za ta yi muni ranar biki. Mai Kek, kalar gari fa, ita nake da ita, za ta yi?