Zanen da ke cikin littattafan wasannin tebur na kimiyya: aiki yake yi ko ado ne?

Ɗan Kumbo ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Tambayata ta shafi littattafan wasannin da ake zama a kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani a cikin labari, jagoran wasa kuma yana bayyana musu duniyar da suke ciki. A ɓangaren ƙagaggun labaran kimiyya, Traveller, wanda Marc Miller ya tsara, kamfanin GDW na Amurka ya fitar a 1977, ya zo ne a ƙananan littattafai uku masu baƙin bango, kusan babu zane a cikinsu, kuma har yau ana yin wasan. Littattafan yanzu kuwa cike suke da hotuna masu launi, waɗanda ke ƙara musu nauyi da tsada. Shin akwai abin da zanen yake ƙara wa wasan kansa?

Malama Mai Alli ta rubuta:

Wa'alaikumus salam, Malam. Akwai wasan da ba don zane ba da babu shi, wato Tales from the Loop. Simon Stålenhag, mai zane ɗan ƙasar Suwidin, shi ne ya fara zana hotunan, aka tattara su a littafi a 2014, sannan kamfanin Free League ya gina wasa a kansu a 2017. Abin da yake zanawa shi ne karkarar Suwidin ta shekarun 1980, da dusar ƙanƙara, da tsofaffin motocin Volvo, da yara sanye da rigunan sanyi, sai kuma wata ƙatuwar na'ura da ta yi tsatsa a tsakiyar gona. Abin lura shi ne yaran ba sa gudu, ba sa ko mamaki, domin na'urar ta zama musu kamar tsohuwar tarakta da aka yasar a bayan gari. Jagoran da ya kalli wannan hoto da kyau ya riga ya san da wace murya zai ba da labarin, kuma ban ga yadda dogon bayani a rubuce zai koya masa hakan ba.

Baba Na Tebur ya rubuta:

Malama ta kawo hujja mai ƙarfi, sai dai ina da ja. Zane mai ƙarfi yakan ɗaure tunanin mai wasa. Duk wanda ya saba da aikin mai zane John Blanche a duniyar wasan Warhammer 40,000, da ƙoƙunan kai da jiragen sararin samaniya da suka yi kama da manyan majami'u, da wuya ya iya hasashen wannan duniya ta wata siga. Traveller ya bar wa kowane tebur 'yancin siffanta kumbonsa. Zanen da nake girmamawa shi ne taswirar cikin jirgi, wadda ke nuna ina ƙofa take, ina ɗakin injin yake.

Mai Tawada ya rubuta:

Baba, da izininka, ina ganin taswira da hoto ba kishiyoyi ba ne, kowanne da lokacinsa. Ga Malam mai tambaya, idan ka buɗe irin wannan littafi, ka fara duba girman mutum a jikin hoton. A wasan Alien na 2019, mai zane Martin Grip yakan bar mutane ƙanana a cikin duhu da ƙarfe, hasken kuma kaɗan ne, ta yadda tun kafin a karanta doka ɗaya an gane cewa a wannan wasa ɗan Adam ba jarumi ba ne, ma'aikaci ne da ke fatan komawa gida da ransa. Wasan Mothership, wanda Sean McCoy ya fara fitarwa a 2018 a ɗan siririn littafi baƙi da fari, ya cim ma irin wannan tsoro da zane mai kaushi da tsarin shafi, ba tare da tsadar launi ba. Ƙorafina game da Alien shi ne baƙaƙen shafukansa, domin wanda ya sayi PDF saboda kuɗin aiko da littafi daga Turai ya yi yawa, zai ga yadda suke shanye tawada idan ya je buga su.