Musayar Waƙa: Yadda 'Yar Fari Za Ta Rubuta Tashinta

Mai buɗe fage: Wata 'yar'uwa na son rubuta tarihin tashinta. 'Yar fari ce, gwaggonta ta riƙe ta tun yaye, mahaifiyarta kuma ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ta ina za ta kama? A amsa da ƙwar biyar, amsa-amo "ba".

Malam Mai Tawada:

'Yata, ki soma da tsai da shekara,
Ce wa Gwaggo: "An shigo da naira?"
In ta ce eh, 1973 ce, ki ƙara,
UPE, firamare kyauta, 1976 aka fara,
Tsoho bai riƙe kalanda ba.

Kowane labari nemi baki uku,
Dangin uwa da dangin ubanku,
Da maƙwabcin da ya ga tashinku,
In sun saɓa, ki bar su duk uku,
Ba ke ce alƙalin gidan ba.

Hajiya Mai Alƙalami:

Allah gafarta Malam, saura kunya,
Uwa ba ta cewa sai "ke yarinya",
Ta faɗi gaban surukai, kai za ta juya,
Mai rubutu ya ɗauka ƙiyayya,
Nan littafi ke karkata bai sani ba.

Ki bi sawun so ƙarƙashin faifai,
Wa ke aiko ƙanzo a kai a kai?
Wa ta tara kwalla da samira ɗai-ɗai,
Ran jere ta ce na Gwaggo ne, ta duƙar da kai?
Ba ta so a ce ita ta yi ba.

Ɗan Tsangaya:

Hajiya, kada mu shafe komai da zuma,
Wani riƙon bauta ne kuma,
'Yan gida na boko, ita da talla take fama,
Ta rubuta shi, ba don ta rama,
Ba duk shiru ne kunya ba.

Babin yaye ta tsaya ta tona ta,
Wata nawa take aka cire ta?
Wa ya roƙa, wa ya miƙa ta?
Uba ne ya yanke ko kakarta?
Sau tari uwa ba a shawarce ta ba.

Malam Mai Tawada:

Ɗana, ka yi daidai, amma da iyaka,
Isra'i aya ta 23 na gabanka,
Ko "uf" an hana ka ce wa mahaifanka,
"Ya mare ni ran sauka" ya isa a rubutunka,
"Azzalumi ne" kuwa ba naka ba.

Hajiya Mai Alƙalami:

In ta gama, ta sa shi a adaka,
Kwana arba'in, fushi ya sauka,
Ta sauya sunan kishiya da unguwa duka,
In ba haka ba 'yan uba za su ɗauka,
Rigimar gado ba ta mutuwa, ko ba haka ba?

Kar ki karanta wa Inna ido da ido,
Aiki kaka, ita ke wasa da jika tun gado,
In Inna ta ce a cire shafi, to ki sauko, ki zo,
In ta yi shiru, jibi ta aiko fura da ƙanzo,
Ki kai maɗaba'a, ba ta hana ba.