Neman shawara: an yi ruwa kwana biyar da suka wuce, amma maƙwabcina ya hana ni ƙona tarin ciyawa

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da fili a bakin daji, kuma a makon jiya na sare ciyayi da ƙirare na tara su wuri guda, da niyyar in cinna musu wuta ranar Asabar da rana, domin lokacin ne kaɗai nake samun sukuni. Maƙwabcina, wanda dattijo ne da nake ganin girmansa, ya ce kada in kuskura, wai zafi ya yi yawa kuma iska ta bushe. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne an yi ruwa kwana biyar da suka wuce, har yanzu idan na tona ƙasa da yatsa ina jin sanyinta. Hasashen yanayi na ranar ya nuna zafi zai kai digiri 34, danshin iska kashi 22 cikin ɗari, gudun iska kuma kilomita 35 a awa. Shin da gaske akwai haɗari, ko kuwa tsoro ne irin na manya?

Amsa ta farko:

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, dattijon nan ya fi ka gaskiya, kuma kuskurenka shi ne ƙasa ka tona, alhali ba ƙasa ce take ci da wuta ba. Busasshiyar ciyawa da ganyaye da ƙirare waɗanda kaurinsu bai wuce milimita 6 ba suna bin yanayin iskar da ke kewaye da su cikin kimanin awa guda, wato idan iska ta bushe da hantsi, kafin rana ta take sun riga sun bushe tare da ita. Kututture da manyan itatuwa ne suke riƙe laima na makonni, amma ba su ne suke fara kamawa ba. Saboda haka ruwan da aka yi kwana biyar da suka wuce ba ya cikin lissafi sam.

Zafi kuwa aikinsa biyu ne. Duk ƙarin digiri ɗaya yana sa iska ta iya ɗaukar tururin ruwa da ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari, don haka iska mai zafi tana zuƙe laimar tsirrai kamar mai jin ƙishirwa. Sannan ciyawar da rana ta gasa tun safe ba ta buƙatar wuta mai yawa kafin ta kama, tartsatsi ɗaya ya isa. Ka gwada da kanka: ka ɗebi ciyawa da asuba ka murƙushe ta a tafin hannu, za ka ji ta lanƙwashe saboda raɓa, sannan ka sake gwadawa da ƙarfe uku na rana, za ka ji tana karyewa ƙas-ƙas. Lokacin da ka zaɓa shi ne lokacin da danshi yake sauka ƙasa sosai a cikin yini.

Amsa ta biyu:

Malam, ni a cikin alƙaluman da ka kawo babu wanda ya tayar mini da hankali kamar na iskar. Bushewa da zafi suna shirya abincin wuta ne, iska ce take ba ta ƙafa. Tana hura mata numfashi, tana kwantar da harshenta a kan ciyawar da ke gaba har ta dafa ta kafin wutar ta iso, sannan tana kwasar garwashi ta jefa shi can bayan inda ka share, sai ka waiga ka ga wuta ta tashi a wuri na biyu da na uku. Idan filinka yana da hawa, abin ya ƙara muni, domin gudun wuta yakan ninka a duk hawan digiri 10 (digirin karkatar ƙasa, ba na zafi ba).

Masu aikin kashe gobarar daji a Kanada suna da ƙa'idar da suke kira talatin uku: zafi sama da digiri 30, danshi ƙasa da kashi 30, iska sama da kilomita 30 a awa. Asabar ɗinka ta cika dukkan ukun. A ranar 7 ga Fabrairu 2009, ana fama da gobarar daji a jihar Biktoriya ta Ostareliya, zafi ya kai digiri 46.4 a birnin Melbon, iska mai ƙarfi kuma ta sauya alkibla da yamma, ta mayar da gefen wutar mai tsawo ya zama gabanta. Mutum 173 ne suka rasu. Gobarar birnin Los Anjalis na Amurka ta Janairu 2025 ma a tsakiyar hunturu ta tashi, busasshiyar iska mai ƙarfi ta yankin da ake kira Santa Ana ce ta kora ta bayan watanni ba ruwa, wanda ke nuna cewa ko babu zafin bazara, iska da bushewa sun wadatar.

Amsa ta uku:

Yaya, ni na taɓa yin abin da kake shirin yi, kuma da sassafe ma na ƙona, iska a kwance. Na ga toka ta yi fari na tafi abina, ashe akwai garwashi a ƙarƙashi, kwana biyu bayan nan iska ta taso ta yaye tokar, wutar ta cinye shingen maƙwabci kafin 'yan kwana-kwana su iso. Idan ranar da ta dace ta zo, ka raba tarin ƙanana-ƙanana, ka share kewayensa har sai ƙasa ta fito tsirara, ka ajiye ruwa da shebur kusa, kuma kada ka bar wurin sai ka jiƙa tokar, ka motsa ta, ka kusantar da bayan hannunka ka ji ba ɗumi. Ka tambayi hukumar kashe gobara ta yankinku tukuna, domin wurare da yawa suna haramta ƙona komai a irin waɗannan ranaku.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada murƙushe ciyawar da yammacin yau, ta zama gari a hannuna. Na fasa ƙonawar ranar Asabar, kuma zan janye tarin daga jikin bishiyoyi kafin nan, don na lura rassansu sun sauko har kusa da shi.